Hannun Kawu Guduma

A gyara zama, jama'a, ga sarkin masu dakan ƙarfe na layinmu, mai miƙe motar da tirela ta murƙushe, wanda kunnensa na hagu ya yi ritaya babu fansho: Kawu Guduma, mai gyaran jikin mota. Shekara talatin yana dukan ƙarfe, ƙarfen yana ramawa a kunnuwansa, har ya zama sai ka yi ihu yake jin sallama.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, shekararta goma sha biyar. Likita ya ce lalurar galahanga ce, da ita aka haife ta, ba hauka ba ne. Ba ta son a taɓa ta, magana sai kaɗan, aikinta jera murafen kwalba launi-launi a gefen gado. Wata rana yaran layi suka fasa mata goshi da dutse, Kawu yana garejinsa can bakin titi. Washegari ya kwaso guduma da injin yankan ƙarfe, ya kafa rumfa a jikin bangon ɗakinta.

"Yanzu in ga ɗan da zai matso," in ji shi.

Babu ɗan da ya matso. Amma kafin wata ya cika, Auta ta fara buga kanta a bango har fenti ya yi ja. Ta ciji hannunta, ta naushi gilashin taga, ta tsinke wa uwarta ɗan kunne da naman wajen. Duk lokacin da aka kira Kawu, sai ya shiga ya riƙe ta ta ƙarfi, ya fito ya huce haushinsa a kan ƙofar mota, duka ba ƙaƙƙautawa.

Sai ga wansa da igiya da 'ya'yansa biyu ƙarti.

"Ɗaure ta za mu yi mu kai ta inda ake ajiye irinta, kafin ta kashe wani."

"Yaya, ka mayar da igiyarka wuyan akuyarka."

Wan ya kwaɗa masa mari. Kawu ya ɗaga babban ɗan ya maka shi a kan murfin injin mota, haƙori ɗaya ya tashi. Ƙaramin ya rarumi bututun ƙarfe ya sauke masa a wuyan hannun dama, ƙashin ya ce ƙas, duk layin sun ji ban da mai hannun. Suka tafi suna tofar da jini, wan yana rantsuwa zai dawo da mota ƙarshen wata ya ɗauke Auta.

Aka ɗaure hannun, rumfa ta yi tsit. Rana ta uku Auta ta ci abinci a zaune. Rana ta biyar ta kwaso murafenta ta fito tsakar gida.

"Baban Auta," matarsa ta faɗa masa a kunnen dama, "tun da hannunka ya karye yarinyar nan ba ta taɓa bango ba."

Bai yarda ba. Ya ɗauki guduma da hagu ya buga ƙarfe sau ɗaya. Auta ta toshe kunnuwa, ta ƙwalla ƙara, ta nufi bango da gudu, uwar ta tare ta da ƙirjinta. Kawu ya daɗe a tsaye yana kallon gudumar.

A ranar ya tura kayansa a baro da hannu ɗaya, sawu bakwai, ya mayar bakin titi. Da wan ya zo da motarsa, ya tarar da Auta a tabarma tana ware jajayen murafe daga shuɗɗa. Ya zagaya ta sau biyu, ya koma da igiyarsa a aljihu.

Na same shi a gareji na ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, babban likita! Yaya aka yi ka warkar da ita?"

"Ba warkewa ta yi ba, ni ne na yi shiru. Matsa, ka tare min haske."