Furen Kumandan

Ni manomin hatsi ne, kuma sanin noman ne ya cuce ni. A shekarun da Nasara suka fara zama a Filinge, mai gari ya ba da ni aikin tilas a bariki. Sauran mutanen ƙauyenmu aka kai su dakon dutse, ni aka tsayar da ni a garkar kumandan, wai an ji hannuna yana da albarka. Har murna na yi, don wauta.

Kumandan mutum ne mai fama da ciwon ciki. Tafinta ya ce a ƙasarsu akwai wani fure mai ƙamshi, fari a gefe, rawaya a tsakiya, da ake jiƙawa a ruwan zafi a sha. Aka zazzage mini irinsa a tafin hannu, ƙanana kamar ƙura, numfashi ma sai ya kwashe su.

"Randa ya yi hure, ka tahi gida," in ji tafinta. Washegari kumandan ya hau doki ya tafi rangadi.

Na shuka shi yadda ubana ya koya mini. Na sara rami da sungumi, na zuba, na take da diddige. Har zurfi na ƙara, don kada rana ta ƙona irin Nasara. Ba wanda ya gaya mini cewa wannan iri bisa ƙasa ake watsa shi, in an binne shi ya mutu ke nan. A ƙasarmu ta Kurfai ba mai barin iri a fili sai in tsuntsaye yake so ya ciyar.

Bazara ce, zafi kamar me. Ina jan guga safe da yamma, idona a gabas, ina roƙon Allah abin da manomi bai taɓa roƙo ba, wato ruwan sama ya jinkirta. A gida na bar matata da tsohon ciki da yara ƙanana, rumbu ya kusa ƙasa, sai damin iri da na rataye a rufin ɗaki. Duk mazan da za su taya ta shuka suna nan bariki suna ɗaukar dutse.

Da tsiro ya leƙo, na durƙusa na yi kuka. Na yi masa inuwa da zana, na kori awaki, na zagi ƙadangaru. Ganyen ya fito da fari-fari a jikinsa, da ɗan gashi mai laushi. Ya yi mini kama da wani abu da na sani, amma na ce wa raina ai ciyayi ma suna da dangi a wasu ƙasashe. Ban murza ganyen na sansana ba. Tsoro nake ji.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya bi shi. Ranar kasuwa matata ta iso a ƙasa, ƙafafunta a kumbure, ta tsaya bakin shinge tana haki.

"Maigida, mi kaka ba ruwa haka?"

"Huren kumandan na. Kwana kaɗan ya rage."

Ta miƙa hannu ta tsinki ganye, ta murza, ta kai hanci. Sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Wagga ai hwarar saura ta. Ga ta can cike bayan ɗakinmu."

Farar saura, ciyawar da ke fita a gonar da aka bari, wadda na sha yankewa ina jefarwa. A cikin takin da na kwaso na zuba wa shukar ta zo. Ita na yi wa bauta duk bazarar nan.

A ranar kumandan ya dawo. Na je na faɗi a gabansa, na ce wa tafinta ya roƙa mini bulala, ko nawa ce, a yi mini a sallame ni. Kumandan ya zo ya duba, ya sa aka tona masa ramin, ya ga zurfinsa. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Bai zage ni ba, har kafaɗa ya dafa mini. Da ya buge ni, wallahi da ya fi.

"Ya ce ba komi," in ji tafinta. "Dama huren ba ya son damina. Wani iri shina zuwa da ayari, lokacin ɗari. Yanzu ka koya, kai za ka jira ka shuka shi."

Na koma bakin shinge. Ta karanta a fuskata tun kafin in buɗe baki. Ba ta yi kuka ba, sai ta gyara ɗaurin zanenta bisa cikin.

"Rumbu ya ƙare tun shekaranjiya," ta ce. "Ba ni iya duƙawa, balle noma. Ɗiya suna kuka. Damin irin nan, in shuka ko in daka?"

Na dubi gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, irin wanda muke kwana muna roƙo.

Na ce mata, "Daka."