Takalman Inna a Tashar Funtua

Yayana ya kira uwarmu "baiwar Allah" a gaban manyansa, kamar bai taɓa ganin ta ba, ya tashe ta daga wurin da shi da bakinsa ya ce mu kawo ta ta zauna. A cikin jirgin ƙasa aka yi, da rana tsaka, ina tsaye. Ba labari aka ba ni ba. Duk mai ce mini in yi haƙuri ai ciki ɗaya muka fito, ya fara jin yadda aka yi tukuna.

Mu biyu ne maza a ɗakinta, shi ne ɗan fari. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna ta san da zamansa a gaban mutane. Inna kuwa 'yar Yargoje ce, can ƙasar Kankara, tata kunyar ta fi ta kowa. Ana yaye shi aka miƙa shi ga kawunmu a Funtua. Can ya yi boko ya gama, ya sami aikin reluwe, yana duba tikitin fasinja. Ni a aji huɗu na tsaya. Baba ya rasu, gona ta kira ni, na amsa. Abin da na tsira da shi ke nan: ina rubuta Hausa, Turanci kuma ina tsintarsa kamar kaza a bakin turmi.

In Inna za ta yi zancensa sai ta ce "wancan na Funtua". Ko a bayan idonsa. Amma in kaka ta yi, gyaɗar da ta fi kyau ita ake ware wa, a ce in kai tasha in ba direba. Ba ta taɓa cewa ga wanda za a kai wa ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Shekarun nan da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, lokacin da kowane yaro a kasuwar Yankara ke rataye da rediyo, masu rufin ciyawa suna ta sauyawa zuwa kwano, a lokacin ciwo ya kama ta. Kumburi. Ya faro daga idon sawu ya yi sama, har ƙafafun suka koma kamar an hura salka. In ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Mun yi saƙe-saƙi, mun yi rubutu. Malamin asibiti a Faskari ya duba ya ce wannan sai Zariya, kuma kada mu ja lokaci.

Na aika wa Yaya. Amsa ta dawo ta bakin direban lorin da ke zuwa ranar kasuwa.

"Ya ce kada ku sa ta a lori har Zariya, girgiza za ta ƙarasa ta. Ya ce ku ɗan dakata, an kawo sabbin taragu, an kusa sa su a layinku. Kujera ce in ka zauna sai ta haɗiye ka. Ga fanka a sama. Har makewayi a ciki, malam! Ya ce shi zai tanadar mata wuri."

Muka dakata. Wata ya mutu, wani ya tsaya, ana ta cewa gobe, jibi. Ƙafa na ƙara hawa. Na ce, "Inna, mu tahi a lorin nan, ko a hankali ne." Ta ce, "Ba an ce a jira ba?" Ba ta faɗi wanda ya ce ba. Amma na ji ta ta bayan danga tana gaya wa maƙwabciya, murya ƙasa-ƙasa, wai an ce jirgin nasu har da makewayi. Jirgin nasu. Ta sa aka wanke mata zanenta na saƙi, ta ƙunsa lalle a hannu. Takalmanta sun daina shiga, sai na kai wa baduku awon ƙafar da zare, ya ɗinka mata wasu na jar fata, masu faɗi kamar faifai. Ta yi ta juya su tana cewa ɓarna ce.

Ranar ta zo. Muka lallaɓa zuwa Funtua a gaban mota, direba na kauce wa ramuka saboda ita. Tasha ta cika maƙil. Makaɗa, 'yan makaranta da tutoci, masu ƙosai da masu rake. Da jirgin ya shigo daga wajen Gusau, babu hayaƙin nan baƙi da muka sani, sai ƙugi kawai, mutane suka ɗau kabbara wasu suka ɗau guɗa. Taragun gaba sababbi fil, fenti na ɗaukar ido. A can wutsiya kuma an jona tsofaffin nan na katako, don talakawa da kayansu.

Yaya ya sauko cikin fararen kaya da hula mai baki. Ya yi ƙiba. Inna na hango shi ta ja mayafi ta juya tana kallon masu rake. Shi ma bai gaishe ta ba, haka aka saba, ban ga laifinsa a nan ba. Ya matso ya raɗa mini, "Tarago na biyu daga gaba, faskila ne, wurin manya. Kujerar taga. Na gama magana, ku shiga kawai." Ya wuce.

Ni na fara hawa da ƙullin kayanmu, na juyo na kamo hannuwanta, wani mutum ya tallabo ta ta baya. Muka shiga. Ƙasan taragon an shimfiɗe shi da wani abu mai sheƙi, tsaf kamar ɗakin amarya. Na zaunar da ita. Kushin ya nutse da ita, ta zabura ta riƙe ni, sai kuma ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin damina. Ta ɗaga kai ta ga fanka tana juya wuya dama da hagu, ta ce, "Kai, wannan kuma wa take nema?"

Aka busa usur, jirgi ya motsa. Na leƙa ta taga, sai na gan su.

Takalmanta. A kan dandamali, daidai inda ƙofar take, a jere, kawunansu na fuskantar jirgi. Ta ga tsabtar wurin ta tuɓe su a bakin ƙofa, kamar yadda ta yi a bakin kowane ɗaki tun tana yarinya. Ba ta kawo a ranta cewa wannan ɗakin tafiya yake yi ba.

Na ce, "Inna, takalmanki!"

Ta ce, "Suna nan ƙofa. Wa zai shiga wurin mutane da takalmi?"

Ina kallo suka yi ta ja da baya, suna ƙanƙancewa, mutane na ratsa su ba mai taka su, har kwana ta ɓoye tashar.

Ba mu yi nisa ba ƙafafun suka fara damun ta. Mai kumburi ba ya iya zama ƙafa a rataye. Ta daure, ta daure, sannan ta zame a hankali ta zauna a ƙasa, ta jingina da kujerar, ta miƙe su a hanyar wucewa. Ta ce nan ya fi. Ta fito da 'yar ƙwaryarta ta fura ta ajiye a gefe. Sauran fasinja masu manyan riguna suka dubi ƙafafun, suka mai da ido ga jaridunsu.

Sai ƙofar gaba ta buɗe. Manyan reluwe ne ke zagayawa da baƙinsu, da mai ɗaukar hoto a gaba yana tafiya da baya-baya. Shi ne ya yi tuntuɓe da ƙafar Inna. Babban cikinsu, wani mai taye, ya tsaya. Ya dubi ƙafafun, ya dubi ƙwaryar. Ya yi tambaya da Turanci, kuma wannan kam na tsince ta duka: wa ya shigo da wannan, ta wane ne?

Yaya na bayansa, da abin huda tikiti a hannu.

Na buɗe baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mahaifiyar..." Sai na ji hannu ya damƙe mini ƙwauri. Inna ce. Ta juya fuskarta ga bangon tarago, ta ja mayafi har hanci. Ko za a yanka ta ba za ta yarda a ce ga ɗanta na fari a gabanta, a gaban maza baƙi ba. Kuma ya san haka. Ya fi kowa sani a duniya. Ya san ba za ta tanka ba, ya san ba za ta bar ni in tanka ba.

Yaya ya ce da mai tayen, baƙauya ce ta yi kuskuren ƙofa, yanzu zai gyara. Sannan ya sunkuyo, da Hausa, da muryar aiki:

"Baiwar Allah, tashi. Nan ba wurinku ba ne. Kai, kama ta ku yi baya."

Ta tashi. Wallahi ta tashi, ba ta bari na gama ɗaga ta ba.

Wanda bai taɓa ratsa jirgi yana tafiya ba, bai san abin da ke tsakanin tarago da tarago ba. Faranti ne na ƙarfe, biyu, suna goga juna, ƙasa na gudu ta ƙarƙashi. Rana ta gasa su tun daga Kaura. Ni da takalmi ina jin zafin. Na ce ta sa nawa, ba su shiga ba. Na ce in goya ta, ta ce in ji tsoron Allah, mutane na kallo. Haka ta taka su, ɗaya bayan ɗaya, tarago bayan tarago, fatar da ta riga ta miƙe kamar ganga. Da na waiga sai na ga sawunta a jiƙe a kan ƙarfen, yana bushewa tun kafin mu shige ƙofa ta gaba.

A taragun katako muka ƙare, cikin awaki da buhunan barkono. Wata Bamagujiya daga wajen Sabuwa, mai tulun man shanu, ta dubi ƙafafun ta ce, "Wayyo, uwata!" Ta kwance ɗankwalinta ta yage biyu ta naɗe mata su, ta shafa man. Ba ta tambayi ko mu su wane ne ba.

Na ce, "Inna, kin ji abin da ya kira ki?"

Ta jingina da buhun barkono, ta rufe ido. Can ta ce, "Aikin mutane ne. Kada ka tanka."

Jim kaɗan kuma, idonta a rufe, ta ce, "Hular ta karɓe shi."

Iyakar maganar da ta taɓa yi a kan ranar ke nan.

Ban ce shi ya kashe ta ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ƙafafun sun fashe, ba su kuma rufe ba, a kansu ma'aikatan asibiti suka yi ta fama har Allah ya karɓi abinsa. A Zariya muka rufe ta, cikin mutanen da ba su san sunan garinmu ba. Yaya na bakin aiki a kan layin dogo, ya iso bayan an watse. Ya yi kuka sosai, har mutane na ba shi haƙuri. Na bar shi ya yi.

A hanyar komawa na sauka Funtua, ban san abin da ya kai ni tashar ba. Wata tsohuwa mai ƙosai ta gan ni ina duba ƙasa, ta ce, "Samari, takalmi kake nema?" Ta jawo su daga ƙarƙashin teburinta. Ta ce, "Yini guda suka yi a nan ba wanda ya taɓa. Na ce mai su na ciki, za ta fito. Ina take?"

Tun daga ranar ban sake shiga jirgi ba. Amma shi bai bar ni ba. Gonata ba ta kusa da dogo, duk da haka ina cikin noma sai in ji ƙugin nan, in ɗaga kai, ba komai sai dawa. In na je gidan suna ko gaisuwa na ga takalman mata a jere bakin ƙofa, sai in ga kamar ɗakin zai ja ya tafi ya bar su. Nata suna cikin tukunya a ɗakinta. Matata ta ce ta sha tarar da su a bakin ƙofar da safe, a jere, kai na duban ciki. Ta ce ni ke fito da su. Wataƙila. Ni dai ban tuna ba.

Kuɗin man suka tafi yadda suka zo. Jirgin ya koma zuwa jefi-jefi, daga baya ya daina. Na ga taragun nan a gefen tasha, tagogi babu gilashi, kushin ya zama gidan ɓera, akuya na kwance a faskila. Aka sallami Yaya. Ya yi 'yan shekaru yana buga-buga a birni, sannan ya dawo gida, ya rame, babu hula.

Ya tara dattawan unguwa a zaurenmu bayan la'asar. Ya ce shi dai ya gaji da birni. Ya ce yana so a gyara masa ɗakin Innarmu ya zauna, ko ya riƙa jin ƙanshinta. Innarmu. Dattawa suka ce madalla, Allah ya yi albarka, ai babban wa uba ne.

Na tashi na shiga gida. Na ɗauko su daga tukunya, fatar ta bushe ta lanƙwashe. Na dawo na ajiye su a gabansa, a jere, kawunansu na duban shi. Liman ya ce, "Mi ke nan kuma?" Yaya bai tambaya ba. Ya gane su daga faɗinsu, ko da yake ranar a tasha ko duban ƙafarta bai yi ba.

Na ce, "Yaya, ɗaki ba nawa ba ne, ba zan hana ka ba. Amma mai ɗakin ta tuɓe waɗannan a ƙofar naka ɗakin don ta girmama ka, ka fitar da ita ƙafa ba takalmi. Ita kunya ce ta hana ta kiran sunanka har ta mutu, kuma kowa a nan ya san wannan kunyar ta ƙauna ce. Kai da ka ɓuya a bayanta, taka kunyar ta mece ce? Faɗa wa dattawan nan abin da ka kira ta. In bakinka ya iya maimaita shi a nan, ga ƙofa can, ka shiga. In bai iya ba, to, bawan Allah, tashi. Nan ba wurinku ba ne."