Atamfar Kansila

Shekara ashirin da shida Baba Wilfred ya yi yana buga launi a atamfa a wata masaƙa ta Kakuri, har aka rufe ta, aka watsar da ma'aikatanta kamar tsumma. Bayan rikicin da ya raba gari biyu, ya kwashe iyalinsa ya koma Trikania, takaici na cin sa.

Da zaɓen kansila ya zo, wani ɗan takara, Tony, ya bi gida-gida yana rantsuwa zai sa a buɗe masaƙu. Ya raba wa mata atamfa mai hoton fuskarsa. Baba ya karɓi ta matarsa, ya shafa yawu a yatsa, ya murza gefenta. Yatsan ya koma shuɗi.

"Daga waje ya sayo ta," in ji shi. "Irin tarkacen da ya kashe mana aiki ne, ku kuma kuna rawar jiki!"

Wa zai saurari tsoho? Ran da aka faɗi sakamako, Tony ya lashe. Mata suka cika layi da guɗa, kowace da fuskarsa a ƙugu.

Baba ya ɗauko atamfar matarsa. Ya tsoma zanen a bokiti, ya cuɗa da sabulu, ya shanya a bakin titi. Fuskar ta zube, sai tabo.

"Ku zo ga kansilanku," ya ce da maƙwabta. "Ku ƙare masa kallo, don daga yau iyakar abin da za ku gani ke nan."