Littafin Bayanin da Gbolahan Bai Karanta Ba

Shekara shida na yi ina zaune kusa da Gbolahan Odufuwa a ofishinmu da ke Yaba, kuma ko sau ɗaya ban ga ya ɗauki aiki ya kai shi ƙarshe da hannunsa ba. In an ce in nuna mutumin da ya fi kowa iya zaman kujera a Legas, ba zan yi nisa ba.

Ɗan Ijebu-Ode ne. Mahaifinsa mai buga takardu ne a bakin kotu, dattijo mai tsantseni, wanda ba ya miƙa wa mutum takarda sai ya karanta ta sau biyu. Gbolahan da bakinsa yake ba mu labarin yana dariya, wai tsoho ya ƙare rayuwarsa yana karanta rubutun wasu. Shi kuwa abin da ya gada saurin yatsu ne kawai. Karatun shekara huɗu ya yi shi a bakwai. Ya sayar da katin waya, ya buɗe shagon intanet ya rushe, sannan ya shiga wani kwas na wata uku, ya fito da gemu da tabarau marar magani, ya ce daga yau shi injiniya ne. Madam Adesuwa, mai kamfaninmu, ta ɗauke shi saboda ya iya zuba, kuma ya iya rusunawa.

Mu goma sha ɗaya ne, muna gina wa kamfanoni shafukan intanet. Sashenmu shi ke ƙera guntayen da ake haɗa shafi da su: maɓallin da ake dannawa, akwatin rubuta suna, kalandar zaɓen rana, da sauran tarkacensu. Ka ƙera sau ɗaya, kowa ya ɗauka ya yi amfani. Ran da Gbolahan ya zo ya tambayi shekarun kowa, ya ga ya girme mu, ya ce to sai dai a kira shi Egbon, wato yaya da Yarbanci. Muka kira. Da rana in mun je cin amala, Egbon ne mai sa hannu a kwanon mutum ya ɗauke masa ganda, ya ce ɗanɗanawa yake.

Aikinsa kuwa ga yadda yake. Ya buɗe abu, ya dame shi, sai ya juyo.

"Ibironke, zo ki ɗan leƙa min nan, minti biyu."

Ina zama sai wayarsa ta yi ƙara, ko ba ta yi ba. Ya fita. Ya dawo bayan awa ɗaya ya tarar na gyara, ya ce, "Yawwa, ni ma nan nake tunani." Ranar Litinin a taro ya gyara tabarau ya ce ya sha fama amma ya shawo kansa. Sau ɗaya na kai ƙara. Madam ta dube ni ta ce in koyi girmama na gaba da ni. Na haɗiye, na koma kujerata, amma raina bai taɓa hucewa ba.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ni kaɗai na sani sosai, don ni ke shiga aikinsa. A cikin rubutun da muke yi wa kwamfuta, ana barin 'yan layuka a saman kowane guntu, waɗanda kwamfuta ke tsallakewa, mutum ne kawai zai gani. Mutanen kirki nan suke rubuta abin da guntun yake yi. Gbolahan nan yake juye cikinsa. A ido ya yi wa mutum "ranka ya daɗe", ya koma ya zage shi tas a saman maɓalli. Kuma da yake matsoraci ne, nan yake ajiye wa kansa tuni: wannan kada a taɓa, wancan a tambayi wance. Madam ba ta buɗe wurin, sauran kuwa kowa ta kansa yake yi.

Sai ga babban aiki ya zo. Wani kamfanin sayar da magani, mai shaguna a jiha shida, wanda muka daɗe muna yi wa aiki, ya ce yana so ma'aikatansa su riƙa haɗa shafukansu da guntayenmu. Suna son littafin bayani, kowane guntu da shafinsa: me yake yi, yaya ake amfani da shi. Suna kuma son mutum ɗaya daga cikinmu ya koma ofishinsu a Ikoyi ya shugabanci aikin shekara biyu, da mota. Madam ta ce wanda ya rubuta littafin shi zai tafi.

Gbolahan da kullum yake cewa rubuta bayani aikin sakatare ne, shi ya fara ɗaga hannu.

"Madam, ai duk guntayen nan 'ya'yana ne. Wa zai ba da labarinsu in ba ni ba?"

Aka ba shi mako uku. Ya je coci ya yi godiya tun kafin a ba shi kujerar. Ya gaya wa mai gidan da yake haya a Mushin ya nemi wani. Ya kai shadda ɗinki. Matarsa, baiwar Allah mai sayar da zannuwa a kasuwar Tejuosho, ta zo ofis da lemo ta raba mana. Littafi kuwa ko layi ɗaya babu.

Ana gobe taron gabatar da littafin, bayan abincin rana, na ga yana murmushi shi kaɗai. Ashe ya samo wata manhaja mai bin guntaye ɗaya bayan ɗaya, ta kwaso 'yan layukan da ke samansu, ta jera su a shafuka masu kyau. Minti huɗu ta gama. Ya buɗe shafin farko, ya ƙara wa sunansa girma, ya miƙe yana miƙa.

Allah ya sani na yi magana. Na ce, "Egbon, ka karanta kafin ka tura?"

"Karantawa? Yarinya, shi ya sa kike nan inda kike. Na'ura ta yi aiki, ke kina so in koma bakin kotu?"

Na ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya danna ya tura.

Washegari muka je Ikoyi da Madam, ni an tafi da ni ne don in riƙe kwamfuta. Gbolahan ya sha babbar riga yana ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a. Shugaban sashen nasu, Mista Osagie, mutum ne marar hayaniya, mai bin abu daki-daki. Ya ce bai samu damar dubawa ba, a haska a bango mu karanta tare. Ya ce a fara da koren maɓalli. Ya karanta da ƙarfi, a hankali.

"Sau bakwai aka canja wa wannan launi, saboda Osagie bai san kore ba bai san shuɗi ba. Mai kai kamar tukunya."

Wata daga cikin ma'aikatansu ta toshe baki da gyale. Gbolahan ya ce, "Yallaɓai, kuskuren na'ura ne." Mista Osagie bai ko kalle shi ba, ya ce in wuce gaba. Na wuce, ai aikina ke nan. Ya karanta shafi na gaba.

"Madam ce ta dage a sa wannan, ita da ko firinta ba ta iya kunnawa ba."

Madam ta ajiye biro. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Sai kalanda. Shafin nan layi ɗaya ne tak: "Ban san yadda wannan yake aiki ba, a tambayi Ibironke." Akwatin suna, a tambayi Ibironke. Jerin zaɓi, Ibironke ce ta gyara, kada a taɓa. Mista Osagie ya sa aka nemo sunan a littafin duka. Guntaye ɗari da arba'in, sunana ya fito a casa'in da uku. Ya cire tabaraunsa, nasa mai magani ne, ya ce, "Wace ce Ibironke?"

Na ɗaga hannu daga bayan kwamfuta.

Gbolahan ya zube rub da ciki da babbar rigarsa a kan tayil, yana "Madam, ki dubi 'ya'yana." Ni dai ƙyama ce ta kama ni. Shekara shida ina faɗin gaskiya ba a ji ba, sai da ta fito daga bakin matsoraci, haɗe da zagi, sannan ta yi daraja. Har yau ban gama yafe wa Madam wannan ba.

Ni aka ba Ikoyi. Shi ba a kore shi ba, don Madam ta ce kora ta yi masa sauƙi. Ta ce zai zauna ya sake littafin da hannu, guntu bayan guntu, ta kuma hana kowa taya shi. Ya koma ya roƙi mai gidan haya. Gemun ma ya aske.

Ranar da nake tattara kayana, ya matso da kujerarsa a hankali, murya ƙasa-ƙasa.

"Anti Ibironke, don Allah, kalandar nan, in mutum ya zaɓi ranar da ta wuce, me take yi?"

Anti! Na ce, "Haba Egbon, ai akwai littafi. Buɗe shafinta."

Ya buɗe. Layin nan ɗaya yana nan yadda ya bar shi. Na tsaya a kansa har na ga ya karanta shi sau biyu, sannan na ɗauki jakata.