Tumatirin Bayan Ɗakin Kaka

Ƙanshin ɗanyen ganyen tumatir, wanda yake maƙalewa a yatsu idan ka murza shi, har yau yana mayar da ni bayan ɗakin kakata a Garwa. Can take da tsofaffin daro guda uku masu huji a gindi, cike da ƙasar bakin kogin Binuwai. Irin tumatirin da take shukawa a ciki ba na kasuwa ba ne. Ƙanana ne masu ɗan tsami, daga gidan iyayenta a Mayo-Ulo ta zo da su, kowace shekara tana shanya 'ya'yan a kan tsumma ta adana.

Ina aji uku a lekol aka yi mata rasuwa, ta yi tafiyar kwana goma ana tsakiyar zafi. Ta bar mini amanar shukar, ta ce su ke nan suka rage, don ɓera ya cinye tsumman bana. Ni kuwa sarkin iyayi, da na ga ruwan da nake zubawa yana tsiyayewa ta ƙasa, sai na ga asara ce. Na kwaɓa laka na toshe hujin duka.

Bayan kwana biyu ganyen suka sunkuya. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Suka ƙara lanƙwashewa, ni ma na ƙara, safe da yamma, ina ta jin haushin rana.

Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta tsuguna, ta kama hannuna ta ɗora a kan ganyen.

"Taɓa ki ji, 'yar nan. Mai ƙishi laushi yake yi, wannan kuwa da ƙarfinsa. Saiwar ce ta rasa numfashi, sai saman hannun ganyen ya yi ta tsawo, ƙasan ya tsaya. Dole ya duƙa."

Ta huda lakar da tsinke, ruwa mai wari ya fito, amma saiwar ta riga ta ruɓe. Na jira faɗa, na jira duka. Ruwan sha kawai ta ce in kawo mata, kuma har ta bar duniya ba ta ƙara tayar da zancen ba. Wannan shirun nake kewa fiye da komai nata.

Yanzu a 'yar takarda ake sayar da iri, tumatirin manya, jajaye, ba ɗanɗano. Sau biyu na je Mayo-Ulo ina tambaya gida-gida. Wata tsohuwa ta tuna da shi, ta ce nasu ya ƙare tuntuni, amma kada in damu, akwai shi a wurin 'yarsu da ta yi aure a Garwa. Ta faɗi sunan kakata. Na yi mata godiya na fito.