Duman Rafin Kaka

Farkon daminar bana aka juye mana tifar yashi a ƙofar gida, nan Kaura Namoda, za a ɗaga katanga. Magini ya yi ta sa rana yana ɗagawa, har ruwa ya daki yashin sau uku. Wata safiya na fito shara, sai ga ɗan tsiro a gefen tulin, ganyensa kewayayye, jijiyarsa ja-ja. Na ajiye tsintsiya na tsuguna. Duman rafi ne.

Idan ba ka san shi ba, yaɗo ne mai bin yashin bakin gulbi. Furensa kamar mazurari, ya buɗe da hantsi, kafin azahar ya yi laushi. Ba a cinsa, ba a miya da shi. Ban taɓa ganin mai shuka shi ba sai kakata, wadda aka sa mini sunanta.

Gona ɗaya kakanmu ya bar mata, a gaɓar gulbi, can ƙauyenmu wajen Zurmi. Duk damina sai ruwa ya zaftare mata kunya ɗaya ko biyu. Da bazara sai ta ɗauki lauje ta tsinko yaɗon, ta yanka guntu-guntu, ta bi bakin gonar tana binnewa. Ni kuwa da shegen son sani ina biye da ita, ina tonowa in ga ko ya yi saiwa. Kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa sai ta kafa ƙafa. Abin ya riƙa ɗaure mini kai. Har na saci guntu na dasa a fasasshen kasko, na cika masa takin awaki, ina ba shi ruwa safe da yamma. Ya ruɓe. Kaka ta yi dariya har da hawaye.

"Takwara, wanga ba ya son gata. Ki aje shi inda kowa ya ƙi, ki tahi abinki."

Ranan nan akuyar kawu ta tsinke ta ci ganyen, ta dawo tana kyarma tana tangaɗi. Kawu ya ɗauki fartanya a fusace.

"Inna, mi za ki yi da guba bakin gona?"

"Ɗaure akuyarka dai," in ji ta.

Bai ji ba, ya nome rabin layin kafin ta iso. Da ruwan Agusta ya sauko, gulbi ya shiga ta daidai inda ya nome, ya kwashe gero ya bar rami. Ɗaya gefen ko gezau. Bazarar da ta biyo, kawu da kansa ya riƙe mata kwando.

Kaka ta rasu tuntuni. Mu ma 'yan bindiga sun tashe mu, shekaru ke nan ba wanda ya taka gonar. Nakan kwanta ina tambayar kaina ko gulbi ya cinye ta, kuma tambayar tana ci mini rai.

Jiya magini ya zo. Na ce ya ɗebi yashinsa ta can, ya bar mini wannan gefen. 'Yata ta kawo bokiti za ta ba tsiron ruwa, na riƙe hannunta. Sai a lokacin hankalina ya ɗan kwanta game da gonar. Duk mun gudu mun bar ta, amma mai gadin da kaka ta sa ba ya bukatar kowa.