Har Yau Nomau Ake Ji

Damina takwas ke nan da muka kai yayana Nomau makwancinsa a ƙauyenmu, can kusa da Dogon Dutsi. Allah ya jiƙansa. Na san a rana irin wannan yabo ake yi, kuma zan yaba. Amma bari in faɗi abin da ke raina: ina kishin mutumin nan. Yana raye na yi, ya mutu ban daina ba.

Nomau irin mutanen nan ne da ko tari suka yi sai a ce sun yi magana. Ni kuwa in na buɗe baki a majalisa, nan take wani zai tuna bai ba akuyarsa ruwa ba.

Lokacin da rediyo ya fara zancen wani irin shuka da aka taɓa wa halitta, wanda za a fesa maganin ciyawa ya kashe komai a gona ya bar shi shi kaɗai, ni na fara tsorata. Muna noman fari ni da shi, na ce ya dubi hannunsa. Tun muna yara, in hauya ta zo kan lalo ko tafasa ko gasaya, kaucewa take yi. Wannan ganye na mata ne, shi ake kwaɗawa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba. Na ce masa magani ba ya kaucewa. Na tambaye shi waken da muke shukawa tsakanin gero fa, da shanun makiyaya da ke shigowa bayan girbi su yi kiwo su bar mana taki, da rijiyar da ke gangaren gonar? Ya ci gaba da nomansa. Da aka yi taron manoma a Dogon Dutsi, sai ya miƙe ya zazzage maganata kaf, har da kaucewar hauya. Aka yi ta gyaɗa kai. Ina zaune a bayansa, ko waiwayowa bai yi ba.

Ba sata nake cewa ya yi ba. Ya yarda da maganar har zuci, ya bi ƙauyuka da ita a ƙafa, abin da ni ban iya ba. Amma a yau in ka ji mace na tsinkar lalo tana sa albarka, shi take sa wa.

Da zai leƙo yanzu, ban san me zai ce ba. Irin nan, iyakar sanina, bai iso gonakinmu ba, amma zancensa bai mutu ba, maganin kuma ya cika kasuwa. Samari sun tafi ci-rani, masu riƙe hauya sun yi kaɗan, ciyawa ba ta jira. Ba na ganin laifin wanda ya gaji.

Bana abin ya shigo gidana. Ɗana Sha'aibu ya dawo daga kasuwa da famfon feshi ɗaure a bayan moto, zai fesa gonar gado da muke nomawa. Na zaunar da shi, na yi masa bayanin nan duka, da bakina, ni mai maganar. Yana ji yana kwance igiya.

"Baba, wanga zance ya tsufa," ya ce. "Wa za shi yi muna noman? In irin ya taho ma, ni ka fara saye."

Ya saɓa famfon ya nufi ƙofa. Uwarsa na tsaye da ƙwaryar da take zuwa tsinkar ganye, tana kallona. Na san kalmomin da za su yi aiki, kuma abin da ke ba ni haushi ke nan.

"Sha'aibu," na ce, "Baba Nomau ya hana."

Ya tsaya cak. Ya sauke famfon a hankali, ya jingine shi da bango, ya ce, "Ai da ka hwaɗa min tun ɗazu."

Ganyen ya tsira, mun ci kwaɗo har gero ya nuna. Abin da Nomau ya bari ke nan, ba rumbu ba, ba shanu ba: suna mai nauyin da zai sauke kaya daga kafaɗar saurayi. Ina yi masa addu'a kullum, da zuciya ɗaya. Amma ɗan da na haifa, a tsakar gidana, sai da na aro bakin mamaci kafin ya ji ni.